Malama Bara'atu, Mai Tambayar “Cikin Nawa?”

Kullum bakwai da rabi na safe Malama Bara'atu Audi take sauka daga keke-napep a ƙofar wani ƙaramin asibiti a Unguwar Sarki. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana tattara takardun ƙorafi: wanda allura ta kumbura wa hannu, wanda magani ya feso wa ƙuraje. Abokan aiki na tsokanarta da “Hajiya Cikin-Nawa”, don ko mutum goma ka ce sun yi amai, sai ta sauke tabarau ta ce, “Cikin nawa?”

Bara waccan yara tara suka yi jijjiga a Badarawa bayan rigakafin ƙyanda. Kafin ka ce me, iyaye sun daina kawo yara. Harira, wadda ɗanta Jibrin ya kwana uku a gadon asibiti, ta rantse ƙanwarsa ba za ta ga allura ba.

Takardu duk sun ce yaran ba su sha wani magani ba. Amma Malama ta san halinmu sarai: abin da muka saya da kanmu ba ma faɗa wa ma'aikaci. Ta yafa mayafi ta bi gidajen.

“Da jikinsa ya yi zafi, me kika ba shi?” ta tambayi Harira.

“Ba komai, Hajiya. Ɗan jan maganin nan ne na kasuwa.”

“Ɗauko min kwalbar.”

Takwas cikin taran sun sha shi. Cikin yara ɗari huɗu da aka yi wa allurar suka zauna lafiya, sha biyu kacal suka sha. Ta auna a kwamfuta, ta sake aunawa, don tana tsoron ɗora wa magani laifi alhali katari ne kawai. Bambancin ya fi ƙarfin katari. Ta tura rahoto, gwaji ya nuna maganin jabu ne, aka janye shi.

Da Malama ta kai mata labarin, Harira ta fashe da kuka. “Ashe da hannuna na ba shi!”

“Don ya warke kika ba shi, 'yata. Kawo ƙanwar tasa ranar Talata.”

Ta kawo ta, har da maƙwabta biyu.

Ƙarshen watan nan Malama za ta yi ritaya, wallahi ina jin zafin tafiyarta. Malama, ke ce kika ƙi yanke hukunci da jita-jita, kika kuma ƙi barin uwa da zargin kanta. Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu hawa kujerarta, don Allah ku riƙa tashi daga kanta kuna shiga gidaje. Ƙyanda ta ratsa layin su Harira da bazarar bara, ta kwantar da yara shida. Ƙanwar Jibrin ko zazzaɓi ba ta yi ba.