Katin da Na Kai Rana

Ni dillaliyar yadi ce. Da ƙuruciyata na fara saro kaya a kasuwar Bab Makka, ina bin gidajen unguwar Hindawiyya ina sayar wa matan da ba sa fita. Abin da sana'ar ta fara koya mini shi ne ba a yarda da yadi a duhun shago. Sai an kai shi rana, an murza, an duba bayansa.

Shekarar da Innata za ta taso daga Bur Sudan a jirgin ruwa don aikin hajji, na kai kaya gidan wata tsohuwa a unguwar Nuzla. Ta daɗe tana aikatau wajen wasu Turawa, da za su tafi suka bar mata wata karta mai hotuna: sarakuna, taurari, har da mutum a rataye ta ƙafa. A ɓoye take buɗe wa mata ita, tana yi musu duba. Na san haramun ne, amma ina son ganin yadda takarda take sa manyan mata kuka.

"Yalla, 'yar nan, zari ɗaya," in ji ta. "Ko bakin cinikin ne kawai?"

"Haba Hajiya, ni da nake kwasa da 'yan kasuwar Hadramaut?"

Na zaro. Ƙwarangwal ne riƙe da lauje.

Har yau ina mamakin kaina. Ban yarda da abin ba, amma ba na ganin komai sai teku. Har na fara tsara tangarahon da zan buga wa Inna, cewa kada ta hau jirgin. Ita kuwa ta tsufa tana jiran tafiyar nan. In ta fasa bana, wa ya san baɗi?

Tsohuwar ta ce, "Ba lallai mutuwa ba ce, sha ruwa." Ban sha ba. Hannuna ya yi abin da ya saba, na miƙe da katin na nufi ƙofa.

"Ke! Asirina za ki tona?"

"Rana zan kai shi, Hajiya."

A tsakar gida na murza shi, na juya bayansa. Zanen ya koɗe, yana ƙarnin kifi. Gefensa ɗaya ya kumbura, ya fi na sauran kauri, duk yatsan da ya zo shi zai fara kamawa.

Na dawo na ce, "Tsakani da Allah, mata nawa suka zari wannan?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Tun da shayi ya zube masa, kusan kowa. Halas, ya isa, ba ni abina, mai binciken tsiya."

Na yi istigfari a hanya, ban buga tangarahon ba. Duk da haka hankalina bai kwanta ba sai ranar da na ga Inna tana saukowa daga jirgi, tana faɗan shinkafar da aka ba su ba gishiri. Na karɓi ƙunshinta, ban gaya mata komai ba.