Biyar ɗina ta koma sifili

Malam Illa mai taya ya sauke tayoyin da na aike shi Dogon Dutsi ya sawo wa tsohuwar Fijon marigayi Baba. Ƙanana kamar faifai.

Raina ya ɓaci. Gaban maƙwabta na ce, "Malam, taya mai lamba sha biyar na rubuta maka. Ba ka duba takardar ba ne?"

Ya miƙo ta a hankali. "Hajiya, ɗaya da sifili na gani. Goma ke nan."

Ashe da lambobin allo na rubuta, biyar ɗinmu kuwa zagaye ce kamar sifilin boko.

Tun jiya na kasa zama. Sau uku ina kiran wayar Malam Illa, bai ɗauka ba. 'Yan uwa, wanda ka kunyata cikin jama'a, ai cikin jama'a za ka nemi gafararsa, ko?