Kwalbati na Goma Sha Biyu

Duk mai bin hanyar Gwandu zuwa Dodoru a ƙarshen bazara ya san Malam Ɗalha, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai malafa da ke tafe a tsakiyar hanya da rodi a hannu, ya yi taku uku ya doki ƙasa, ya karkata kai, ya ƙara gaba. 'Yan kabu-kabu kan tsokane shi wai zinariya yake nema. Shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba.

Mutumin Diggi ne, ta ƙasar Kalgo. Can ya fara leburanci a sashen ayyuka, yana cike ramuka da jar ƙasa. Da ya auri Hauwa'u 'yar Maruda, ta ce ita fa ba ta nisa da uwarta Inno, sai ya nemi canjin wurin aiki ya dawo Gwandu. Shekara talatin da biyu ke nan, aikinsa ɗaya: kafin ruwan farko ya buɗe bakin kwalbatoci, ya kwashe rairayi da leda da karan da suka toshe su. Wasu rairayi kan binne su har ba ka ganin alama. Nan ne rodin ke aiki. Inda hanya take cike, sai ka ji dif. Inda kwalbati yake ƙasa kuwa, ƙarar kan fito kamar an ƙwanƙwasa tulun da ba ruwa.

Abin da ofis ba su sani ba shi ne kunnen Ɗalha ya fara tafiya. Hauwa'u ta sani, don sai ta kira shi sau uku kafin ya waiwayo, rediyonsa kuwa maƙwabta ma suna jin labarai a cikinta kyauta. In ta yi magana sai ya murtuke, ya ce ita ce ke magana ciki-ciki. Mutum ne mai taurin kai, Allah ya sani, amma gaskiyar maganar tsoro yake ji, don kunnen nan shi ne sana'arsa.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe, wata na ƙarewa zai ajiye aiki. Aka kawo musu sabon shugaba, Joel, mutumin Zuru, wanda shi ma furfura ta fara leƙo masa. Ya duba takardarsa ya ce kwalbati goma sha ɗaya ne a hanyar.

"Sha biyu na, Injiniya," in ji Ɗalha. "Akwai guda ƙasan Maruda. In ba a buɗe shi ba, ruwa na komawa cikin gari, gidan surukata shi ka fara ci."

Joel bai yi gardama ba. Ya ce, "To Baba, mu je ka nuna mini."

Suka tafi da hantsi, da lebura huɗu a bayan mota. Suna isa, Ɗalha ya ga wurin ya sauya. Gawon da yake alama da shi an sare, ko kututture babu. Bara an ƙara wa hanyar jar ƙasa ta yi tudu, rairayi kuma ya shafe gefe da gefe sumul. Ya sauka ya fara duka. Taku uku, duka. Taku uku, duka. Ya je ya dawo, ya sake zuwa, har aka kira azahar. Hannunsa na jin rodin na sauka, amma kunnensa shiru, ko'ina iri ɗaya. Leburori suka koma inuwar mota suna ƙus-ƙus. Gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa, Inno na can gida, tsohuwar da ko tashi sai an kama ta.

Bayan sun idar da salla Ɗalha ya daɗe zaune a kan buzunsa. Zai iya nuna ko'ina ya ce a haƙa, in ba a samu ba ya ce ƙasa ce ta yi yawa, ba mai ƙaryata shi. Sai dai ruwa ba ya jin wannan bayani. Ya tashi ya sami Joel a gefe, inda leburori ba za su ji ba.

"Injiniya, kunnena ya tahi. Shekara biyu ke nan ina ɓoyo. Ni in doka, kai ka saurara."

Joel ya dube shi. Ya cire hularsa ya ajiye a mota, ya durƙusa a kan jar ƙasar nan mai zafi da wandonsa na ofis. Haka suka yi ta tafiya, tsoho na duka, shugaba na rarrafe a gefensa, masu wucewa suna rage gudu suna kallon ikon Allah. Sun yi kusan taku sittin, sai Joel ya ɗaga hannu. Ɗalha ya sake dokawa. Joel ya ɗaga kai yana dariya, ya ƙwala wa leburori kira su zo da shebur. Kafin la'asar bakin siminti ya bayyana, cunkushe da rairayi.

Suna tsaye suna kallon ana kwashewa, Ɗalha ya matso kusa, ya yi tambayar da ke cinsa.

"Ƙaƙa ya yi ƙara?"

Joel ya sa baki kusa da kunnensa. "Kamar tulun da ba ruwa, Baba."

"Awo," in ji Ɗalha. "Haka shike."

Ya juya ya goge ido da bakin malafa, wai ƙura ce. Da suka sauke shi a ƙofar gida, Joel ya miƙo masa rodin ta taga. Ɗalha ya girgiza kai, ya tura masa shi ciki, ya shige gida. Kwana uku bayan haka ruwan farko ya sauka, ya bi ta ƙarƙashin hanya ya wuce fadama.