Shekarar da Mama Ta Koya Mini Zanen Hannu

Ranar Larabar Toka, shekarar da na cika tara, Mama ta dawo daga coci da toka a goshi da ƙunshin tsofaffin kalanda a hammata. Kwana uku ke nan da sallamo ni daga asibiti, karo na uku da ciwon sikila ya kayar da ni a zango ɗaya. Ta shimfiɗa tabarma a barandar gidan hayarmu na Sabon Gari, ta baje kalandun, ta ce, "Nkechi, likita ya ce ki huta. Daga yau makaranta ta dawo nan." Kuka na yi, don ina jiyo yaran gidan suna rige-rigen fita da jakunkunansu.

Mama ta taɓa koyarwa a firamaren mishan, saboda haka ba ta ɗauki abin da wasa ba. Da Baba ya tafi aikinsa a tashar jirgin ƙasa, sai mu jera bokitai a famfon tsakar gida, mu yi addu'ar rozari, sannan lissafi da karatu. Bayan azahar kuwa lokacin hotuna ne. Kowane shafin kalanda yana ɗauke da zanen wani gwanin Turai da ya rasu tun ɗaruruwan shekaru. Sai ta sa ni in ƙura wa hoto ido tana tsintar wake, in ta gama ta kife shi ta ce, "To, me kika gani?" A bakinta na ji cewa masu zanen farko kan ajiye waliyyai a kan ruwan zinariya don nuna sama, na bayansu ne suka gano inuwa da nisa, kuma shuɗin mayafin Maryamu daga wani dutse mai tsada ake niƙo shi. Namu shuɗin kuwa bular wanki ce. Muna dama ta da ƙaro, mu samu baƙi daga gawayi, ja daga zoɓo, rawaya daga kurkum, in tauna asuwaki ya zama buroshi.

Matsalata ɗaya ce: ban iya zana hannu ba. Duk mutumin da na zana sai in ɓoye hannuwansa a baya ko cikin riga. Mama ta lura, sai wata Asabar ta ɗauke ni zuwa Kantin Kwari wajen ƙawarta Alhaja Mulikat, Bayarabiyar Fagge mai sayar da atamfa. Aka ba ni kujera 'yar tsugunno da kwalayen da ake cirewa daga cikin turame. Na wuni ina kallon yatsun Alhaja masu lalle suna ninke zani, suna shafa shi, suna miƙa wa mai saye. "Zana, 'yata," in ji ta, "amma kar ki ƙara mini tsufa." Asabar da yawa muka yi haka, har kwalayen suka cika ƙarƙashin gadonmu.

Da damina ta kama, aka fitar da sunayen yaran da za su karɓi Tarayya Mai Tsarki, wato burodin da ake karɓa a coci, karo na farko, babu nawa, don ban halarci darasin katikisim ba. Sai in jira wata shekara, in shiga cikin yaran da na girme su. Mama ta roƙa har Fada, limamin cocinmu, ya yarda ya gwada ni da kansa. Ranar na shiga ofishinsa, ya yi tambayar farko, duk abin da na hardace ya gudu. Ya sake tambaya, na tsaya ina kallon takalmina. Sai Mama ta ce a hankali, "Fada, ko za ka duba aikinta?" Ta zaro kwalin da na zana Jibin Ƙarshe a kai.

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. "Me ya sa hannun Yesu yake a buɗe, na wannan kuma a dunƙule?" Bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Yesu bayarwa yake yi, Fada, kuma ba burodi kawai ba, jikinsa ne. Wancan Yahuda ne. Ya riga ya riƙe wani abu, ba shi da wurin karɓa." Sai Fada ya nuna gefen teburin da ke cikin zanen. "Wannan manzon fa, wa ya sa masa lalle?" Mama ta rufe baki da gefen zani. Fada ya yi dariya har da tari, ya ɗauki biro ya rubuta sunana. Farin yadin da aka ɗinka mini rigar ranar karɓar Tarayya, Alhaja ce ta aiko da shi.

Yau ni ce malamar zane a wata sakandare, da fenti na kanti kala-kala da ɗalibai cike da aji, ƙararrawa kuma tana katse mu tun ba mu yi nisa ba. Gidan hayar ya zama jerin shaguna, Mama ta koma ƙauye tana renon jikoki. Ciwo ne ya zaunar da ni a gida, amma ban taɓa tuna shekarar nan a matsayin shekarar ciwo ba.