Bulon da Goggo ta ɗauko a kai

Shekara goma sha shida Goggo Mai Tiyo tana ban-ruwa a gidan bulon da ke bayan tasha. Aikinta ta jiƙa sabon bulo safe da yamma har kwana bakwai, yadda doka ta ce, sannan ta shafa masa jan fenti, alamar ya isa sayarwa. Da wannan aikin ta raini ɗanta tilo bayan rasuwar mijinta, har ya zama magini.

Ranar Litinin, ƙarfe goma da kwata, ta shigo ofishinmu na gwajin kayan gini, inda nake riƙe da rijistar samfur. Bulo ne a kanta bisa gammo. Ta sauke shi a kan teburina.

"Malam, a auna mini wannan."

"Goggo, ɗaki za ki gina mana a ofis?" in ji mai injin gwaji.

"Kai dai taɓa shi, ɗan nan, ka bar surutu."

Ya danna gefensa da babban yatsa. Yashi ya zubo kan takarduna. Nan take ya daina dariya.

Ta ce tun da ɗan mai gidan bulon ya karɓi wurin, iri biyu ake bugawa. Na nuna wa sufeto, mai siminti sosai, yana jere a bakin ƙofa. Na masu saye yana baya, kwana biyu kacal a sa ta shafa fenti. Da na bayan ake gina bene mai hawa uku a layin makaranta, kuma ɗanta ne ke ɗora shi. Laraba za a zuba kankaren hawa na biyu, shi da mutanensa suna ƙasa.

Na buɗe littafin ƙa'ida, ko da yake na san abin da ke ciki. Ba a gwada samfur sai wanda sufeto ya ɗauko da hannunsa, da fom da hatimi. Sufeton yankin kuwa ya tafi taro, sai Alhamis.

"Ki hana shi zuwa aiki, Goggo," na ce.

"Na gaya masa. Wai in ya gudu wa zai ƙara ba shi gini? Wai ai ni na shafa fentin."

Na cika takardar ƙorafi, ta dangwala yatsa, na kai teburin shugaba. Bai shigo ranar ba, Talata ma bai shigo ba.

Laraba da safe na bi ta layin makaranta. An riga an tada injin kwaɓa kankare. Goggo tana zaune kan bokiti a ƙarƙashin katakon da za a zuba kankaren a kansa, kusa da ɗanta. Ɗan kwangila yana ta yi mata tsawa ta fita. Ta ce in za a zuba, a zuba tana nan.