Anti Maimaita, Mai Zargin Dariyar Matuƙi

Shayinta kullum hucewa yake yi. Takan zuba shi da safe, ta ajiye nesa da na'urori, ta zauna gaban allon da ke nuna jirage, ta maƙala abin ji a kunne, shi ke nan ta manta da shi. A ɗakin nan mai duhu-duhu da ke ƙasan hasumiyar filin jirgi, inda ake ba matuƙa umarni, da wannan aka fara saninta. Na biyu kuwa zargi.

Ba ta karɓar "to", ba ta karɓar "na ji". In ta ba matuƙi umarni, sai ya maimaita mata tsayin da zai hau da inda zai dosa, ya rufe da lambar jirginsa. Nan sunan ya samo asali: Anti Maimaita. Mijinta yakan yi wa abokan aikinta ƙorafi yana dariya, wai ko gishiri ta aike shi sai ya karanto mata kafin ya sa takalmi. Hira a rediyo kuwa ba ta yi. "Layin na kowa ne," takan ce. "Kana barka da hantsi, wani na can yana jira ya ce injinsa ya mutu."

Ranar da za ta yi ritaya, tun da ta shigo ta ga ana ƙus-ƙus. Ashe Dogo, mai zama kujerar gefenta, ya bi matuƙa a ɓoye ya roƙi kowa ya yi mata bankwana a rediyo. Aka fara: "A huta lafiya, Anti." Ita kuma: "Na gode. Maimaita tsayin." Ɗaki ya yi ta dariya.

Can wajen azahar wani ƙaramin jirgin kaya ya shigo yankinta, yana can sama sosai. Mutum ɗaya ne a ciki, wanda ake kira Kyaftin Rowa saboda rowar magana. Shekara da shekaru suna aiki tare, bai taɓa ƙara mata kalma ɗaya kan abin da doka ta ce ba. Ta ba shi umarni, ya maimaita daidai, amma yana jan harshe. Sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Anti, sama ta yi kyau yau. Da kin ga gajimare, kamar auduga."

"Kai!" in ji Dogo. "Yau har Rowa ya saki baki. Anti, kin ciri tuta!"

Ba ta ko murmusa ba. Kunnenta na kan numfashin mutumin, don ya bar yatsansa kan maɓallin magana, abin da bai taɓa yi ba.

"Dogo, ka sa shi cikin masu bankwanar?"

"Wa, Rowa? Mutumin da ko gaisuwata ba ya amsawa?"

"To ku yi mini shiru."

Ta danna maɓalli. "Sa takunkumin iskar shaƙa yanzu, ka sauko ƙasa. Maimaita."

"Anti, kin cika zargi," ya ce, yana dariya.

Shugaban aiki ya matso bayanta. "Haba, Anti. Babban matuƙi ne, kowa na ji a layi. Murna yake taya ki, kar ki kunyata shi."

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta karkatar da jirage biyu da ke ƙarƙashinsa, ta share masa hanya. Sannan ta yi abin da ba a taɓa ji daga bakinta ba: ta ajiye lambar jirgi, ta kira mutum da laƙabinsa.

"Rowa! Ni ce. Miƙa hannu, ɗauko takunkumi, sa a fuska. Yanzu!"

Dogo ya haɗiye dariyarsa. Kowa ya zuba wa allo ido, har lambar tsayin jirgin ta fara raguwa a hankali. Can sai ga murya a bushe, gajera, babu ko sannu: tsayi, hanya, lambar jirgi. Anti ta sauke ajiyar zuciya. Rowa ya dawo hayyacinsa.

Bayan ya sauka aka gano iska ce ke zurarewa daga cikin jirgin. Ƙarancin iskar shaƙa kan sa mutum nishaɗi kafin ya sume, kuma shi kaɗai ne a kan sitiyari.

Anti, ke ce kunnen da ba ya gyangyaɗi. Ke ce kika yarda a kira ki mai tsanani, don wasu su koma gida su tarar da 'ya'yansu. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa hutun ya yi albarka. Ku kuma masu hawa kujerar nan, ku san muryar kowane matuƙi a ranar lafiya, don ku gane ta ranar da ta sauya.

Da yamma aka jera lemo a ɗakin hutu, Dogo ya gyara murya zai yi jawabi, Kyaftin Rowa na tsaye bakin taga da hula a hannu. Ita kuwa ta bayyana wa mai karɓar aiki daga hannunta jiragen da ke sama ɗaya bayan ɗaya, ta jira ya zauna. Sai ta rataya jakarta, ta bi ta ƙofar baya.