Kuskuren da Malam Munzali Ya Dasa

Malam Munzali malamin gona ne a Gwaram, kuma duk wanda ya san shi ya san taurin kansa. Shekara tara yana kula da wani ɓangare na wata manhajar kwamfuta ta kyauta, wadda masana daga ƙasashe daban-daban suke ginawa tare, kowa na iya sa hannu ya gyara. Ɓangarensa ne ke hasashen lokacin shuka daga garin Sara har Kiyako.

Sai ganinsa ya fara raguwa. Shugabannin aikin suka rubuto masa: in bai samo magaji kafin damina ba, za a cire ɓangaren. Magajin kuwa sai wanda ya taɓa aika gyara a shafinsu, inda kowa ke gani.

Ya tara mutum bakwai a Birnin Kudu yana koya musu duk Asabar. Kano ta kwashe uku, Dutse biyu, ɗaya ya koma sayar da waya. Aka bar shi da Zuliha, malamar lissafi, wadda kanta ke ja amma ba ta taɓa aika komai ba. Abin ya ishe shi, sai ya yi mata tarko. Cikin sabon aikin da ya aika a duba, da gangan ya sa lissafin ruwan saman Agusta a gurbin na Yuni, ko za ta gani ta aika gyara.

Sai da ta yi mako uku kafin ta zo gidansa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malam, kamar dai layi na arba'in..."

"Ki rubuta a shafin mana!"

"Duniya ta karanta na ƙure malamina? Wallahi ba zan iya ba."

"Can ba ruwansu da kunya, Zuliha."

"Ni nan nake zaune, Malam."

Wani baƙo daga wata ƙasa ne ya gyara kuskuren, ko sallama bai yi ba. Ruwa ya sauka, aka cire ɓangaren. Baƙin ciki ya kwantar da Malam Munzali kwana biyu.

Da ya tashi, Zuliha ta kawo masa wani littafi. Kurakurai talatin da ɗaya ne ta tsinto a aikinsa tun bara, na gaske, duk ta gyara da hannunta. Ya kai littafin kusa da fuskarsa, ya juya shi wajen haske. Ko layi ɗaya bai iya karantawa ba.